'Yar Lakwal

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Sunaye sun dawo daga kwamitin tantancewa. Gurbi biyu aka ba makarantarmu a jarrabawar makarantar kwana ta kimiyya. Na aika da yara uku daga ajina na shida, an cire Safiyya Dabo. Ita da ta zo ta ɗaya! An bar Ummi Sahabi da Safiyya Maccido, ta huɗu a aji, ɗiyar wani babba a sakatariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Akwai hannun wani a ciki.

Laraba, 8 ga Mayu
Na tambayi hedimasta Malam Mukhtar dalili. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam Halilu, an ce ba 'yar ƙasa ba ta, 'yar Nijar ta." Na ce wa ya ce? Ya ce shi ma haka ya ji. Shi dai kullum ji yake, bai taɓa faɗa ba. Kuma ranar Asabar na ga motar Alhaji Maccido, uban ɗaya Safiyyar, a ƙofar gidan hedimastan. Da idona na gani.

Alhamis, 9 ga Mayu
Safiyya Dabo ba ta yi kuka ba. Ta gama lissafinta kafin kowa, ta kifa littafi ta zauna.

Lahadi, 12 ga Mayu
Kasuwa. Na iske Dabo, ubanta, a wurin albasarsa. Ya zaro takardar haihuwa daga aljihu, duk ta yi laushi don naɗewa. Ya ce, "Malam, nan Amarawa anka haihe ta. Uwatta ta 'yar Ƙonni, shi na laihin? Rabin garin ga wa a bai da dangi ƙetare?" Gaskiya ce. Kakata ma daga can aka auro ta, amma mu babanmu ya yi aikin gwamnati, ba wanda ya taɓa tambayarmu. Ɗan mai albasa ake tambaya.
Ya ce in gano masa wanda ya kai sunan ɗiyarsa. Na ce ko wane ne sai na tona shi.

Talata, 14 ga Mayu
Yanzu Malama Zuwaira nake zargi. Matar ƙanin Alhaji Maccido ce, kuma ita ta kai takardunmu ofis. Yau ta gaishe ni har sau biyu. Gaisuwar ta yi yawa.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na je wurin sakataren kwamitin da takardar Dabo. Ya ce an rufe sunaye tun Litinin, an aika Sakkwato. Na ɗaga murya, na ce sai ya gaya mini munahikin da ya yi wannan aiki. Ya dube ni, ya jawo rajistar ajina da muka haɗa da takardu, ya buɗe.
"Ba kowa ya kawo muna magana ba. Ga ta nan cikin littahinku."
A gefen sunanta, da fensir: 'yar lakwal. Rubutuna.
Tun tana aji huɗu sunan ya samo asali. Ta zo a makare ta ce hanyar lakwal ta cika da ruwa, yadda uwarta ke kiran makaranta irin na mutanen Nijar. Aji ya fashe da dariya, ni na fi kowa. Ga Safiyya biyu a aji, sai na riƙa kiranta da shi don in bambanta su, har na rubuta. Ɗayar kuwa Safiyya Maccido nake ce mata, da sunan ubanta cikakke.
Sakataren ya ce, "In malaminta da kainai ya ce 'yar lakwal ta, mu mi za mu ce?"

Juma'a, 17 ga Mayu
Wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne. Da sun tambaye ni. Kuma har yanzu ban yarda da zuwan motar nan ba.

Lahadi, 19 ga Mayu
Na bi ta layin masu tumatir don kada in haɗu da Dabo. Shi ya gan ni. Ya ce, "Malam, ka gano mutumin?" Na ce ana kan bincike. Allah ya yafe mini. Ya ce in bar wahala, kawunta ya samo mata wuri a Ƙonni. "Tunda sun ce 'yar lakwal ta, to lakwal ɗin za ta." Har godiya ya yi mini, wai ni kaɗai na tsaya mata.

Litinin, 20 ga Mayu
An dawo da rajista. Na goge fensirin, amma na danna shi da ƙarfi tun farko, shatin yana nan.
Malama Zuwaira ta gaishe ni, na amsa da kyau.
Wajen kiran suna na ce, "Safiyya Dabo." Yara suka dubi juna, ba su gane wa nake nufi ba. Sai Ummi ta ce, "Malam, 'yar lakwal? Ai ta tahi."
Na ce sunanta Safiyya Dabo. Na sake kira, na jira kaɗan kafin in sa alamar ba ta zo ba.