Yaya Sale, ashe ƙanƙarar tana narkewa

Matamaye, bayan sallar la'asar

Zuwa ga yayana Sale,

Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya yi maka rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, juya ta za ka yi sama da ƙasa, ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kanta. To, ka yi haƙuri da rubutun. Ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina, kuma ya kai mini iya wuya.

Mutanen gida suna lafiya. Idon Inna na hagu ya ƙara rufewa, amma hannunta bai daina kaɗi ba. Matarka Hauwa ta fita takaba tuni, ta ƙi komawa gidansu a Tsauni, ta ce nan za ta zauna ta taya Inna. 'Yar da ta haifa bayan tafiyarmu an sa mata Rabi. Ta fara gudu yanzu, goshinka ta ɗauko har da taurin kan. Gyaɗa ta yi kyau bana. Jakinka mai cizo ya mutu da bazara, ban ɓoye maka ba, ban yi kuka ba.

Ka tuna yadda muka bar garin nan? Kai ka kawo maganar aiki a gonakin lemo na bakin teku, can ƙasar Aljeriya. Kai ka ɗinka wa burgaminmu igiyoyin fata biyu biyu don mu goya kaya a baya kamar sojan Faransa, mutanen unguwa suna ta dariya wai maza sun koma goyo. Muka bi ayari daga Damagaram zuwa Agadas, daga nan muka shiga rairayi, raƙuma na masu raƙuma, mu kuwa ƙafa. Ka tuna rijiyar da muka iske ta ƙafe, muka yi kwana biyu harshena ya kumbura har ban iya kiran sunanka? Rabonka na ruwa ka ɗura mini a baki, ka ce kai ka sha, alhali ƙarya kake yi. Tun daga ranar ban ƙara jin tsoron komai ba sai ƙishirwa.

Wannan tsoron ne ya kashe ka, Yaya, kuma nawa ne.

Da muka fita daga hamada bayan watanni, muka sauka wani gari a gindin manyan duwatsu. Wani tsoho Balarabe ya nuna mana kan dutsen, ya nuna barguna na ulu da ke gabansa, yana murza damatsansa. Ba mu jin harshensa amma kai ka gane. Ka so ka ba shi salka ɗaya cikin biyun da muke da su, ya ba mu bargo. Ni na hana. Na rungume salkar kamar za a raba ni da raina, na ce sanyi bai taɓa kashe Bahaushe ba. Ka dube ni, ka girgiza kai, ka bar ni. Me ya sa ka bar ni? Kai da ko hanyar gona ba ka yarda in zaɓa ba?

Kwana na uku a kan dutsen abin ya fara zubowa, fari, ba ƙara, kamar ana sheƙe audugar rimi. Kafin azahar hanya ta ɓace. Ruwan da na yi faɗa a kansa ya daskare a bayanmu, na buga salkar da dutse ba ta ko lotsa ba. Muka yi abin da muka koya a rairayi in guguwa ta taso: muka fake bayan dutse, muka rufe kai, muka jira. Ka kwance rawaninka ka naɗe mini ƙafafu. Da ka daina rawar ɗari na yi hamdala, na zaci sauƙi ne ya zo. Kafin rana ta faɗi ka tafi, kanka a kafaɗata.

Ba ruwan wanka, sai taimama na yi maka. Na sa wuƙa in haƙa ƙasa, bakin wuƙar ya karye. Sai na tona ƙanƙarar da hannu da ƙwaryar cin abincinmu har ramin ya kai mini ƙugu. Na kwantar da kai a kan damanka, na juya fuskarka inda nake jin nan ne alƙibla, na yi kabbara huɗu ni kaɗai, na rufe, na tattake sosai. Wallahi, Yaya, na tashi daga wurin da yaƙinin na binne ka. Na san ƙanƙarar damina tana narkewa a tafin hannu, amma wannan ta shafe duwatsu, ta mai da ruwa dutse. Na ɗauka haka ƙasar garin take, rani da damina.

Wani makiyayi ya tsince ni ya sauko da ni. Yatsun ƙafata biyu suka tafi. Cikin mako guda na samu kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa kudu, ban ko waiwayi dutsen ba.

Da na iso gida Inna ta riƙe hannuna ta tambayi wanda ya yi maka wanka. Bakina ya ƙi faɗin gaskiya. Na ce mata zazzaɓi ne ya same ka a wani gari na Musulmi, limaminsu da kansa ya wanke ka, ya sallace ka da sahu uku. Har gemu na yi wa limamin, da fararen kaya. Ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi. Na ce a raina ai ƙaryar ƙarama ce, tunda dai kana cikin kabari.

Watan jiya, ranar kasuwa, ina zaune a rumfar wanzami, wani tsohon soja mutumin garin Kurni da ya yi yaƙi a Turai yana ba mutane labari. Ya ce ƙanƙarar can wata uku ko huɗu take yi, in zafinsu ya shigo sai ta narke duka ta bi rafi, ciyawa ta fito. Ya ce da idonsa ya ga gawarwakin sojoji suna fitowa fili in ta janye. Ana ta mamaki ana dariya. Ni kuwa wanzami ya tambaye ni ko askar ce ta yanke ni, don ya ga na zabura na miƙe.

Damina biyu ke nan, Yaya. Tun yaushe kake kwance a fili? Wa ya fara iske ka, mutum ko dila? Ruwan ya ja ka ne zuwa wani kwazazzabo? Yanzu ban iya wucewa ta mahauta, saboda ungulayen da ke kan bango. Shekaranjiya aka binne wani maƙwabcinmu, aka miƙo mini hauya in taya zuba ƙasa, na miƙa wa na kusa da ni, na bar wurin. Tsoro nake ji, da rana tsaka, cikin mutane. Tsoron Allah, da tsoron ranar da za ka tambaye ni.

Akwai ayarin da zai tashi bayan an gama cirar gyaɗa, zan bi shi. Na tanadi farin ƙyalle, da dagi mai gajeriyar ƙota, da bargo biyu. Ina tsoron rairayin, ina tsoron dutsen, da ƙafar nan da ba ta cika ba. Ban san yadda zan gane wurin ba, don ban taɓa ganinsa ba sai yana fari. Ina tsoron in rasa ka, kuma ban san abin da zan yi ba in na same ka.

Na gaya wa Inna ziyarar kabarinka zan je. Na zaci za ta hana ni, tunda ni kaɗai na rage mata. Sai ta yi murna. Ashe tun dawowata zaren da take kaɗawa da rabin ido tana tarawa ne, ta ba masaƙi ya saƙa gwado. Yau da safe ta ɗora mini shi a cinya, ta ce in kai wa limamin da ya wanke mata ɗa, in ce masa wata tsohuwa a Matamaye ba ta taɓa yin salla ba ta sa shi a addu'a ba.

Na karɓa, Yaya. Na ce mata zan kai.

Ka yafe mini in ana yafewa daga can. Ka jira ni, ina tafe.

Ni ne ƙanenka,
Habu