Ƙorafin Mai Askin da Aka Mayar Makashi

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Fasaha ta Tsakiyar Gari
Daga: Mai aski, shagon da ke daura da gidan baje kolin zane
Kwanan wata: 9 ga Afrilu

Game da: Saka fuskata da askata a fim ɗin 'yan daba ba da sanina ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Janairu wani ɗan ƙungiyarku mai kiran kansa darakta, wanda ko a cikin ɗaki ba ya cire baƙin tabarau, ya zo shagona ya ce yana fim ne kan sana'o'in hannu, yana so ya ɗauke ni a ciki. Har sabuwar riga na sa. Ya ce in wasa aska a hankali, in dubi kyamara, kada in yi murmushi. Na bi umarni.

2. Ranar 21 ga Maris aka haska fim ɗin a ɗakin ajiya na gidan zane. Ashe labarin masu kisa ne, ni ne kuma ubangidansu. Da na wasa aska sai a nuno gawa. An kuma ɗora mini muryar wani ƙato, alhali tawa ko kyanwa ba ta kora.

3. An ce in kwantar da hankalina, wai ba wanda ya kalla. Gaskiya ne masu kallon ba su cika benci biyu ba, kuma rabinsu su ne gawarwakin cikin fim ɗin. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa: ƙanen surukata ya shiga wurin don ya fake wa ruwan sama. Bai jira an ɗauke ruwan ba ya fita baza labari.

4. Yanzu tsofaffin kwastomomina almakashi kawai suke yarda da shi, shi ma ido a buɗe. Surukata ta kira uwargidana gida domin bincike. Da na yi wa darakta magana, ya ce wai fasaha ke nan, sai bayan mutuwarsa za a san darajarta. Ranka ya daɗe, iyalina ba za su iya jira ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya umarce shi ya cire ni daga fim ɗin, ya kuma je gaban surukata ya yi bayani da bakinsa. In kuwa har yanzu yana ganin abin wasa ne, gemunsa ya yi tsawo. Ya zo ya zauna a kujerata in gyara masa kyauta, mu ga ko zai iya rufe ido.

Tare da matuƙar girmamawa,

Naka mai biyayya,
Mai askin daura da gidan zane