Ban-gajiyar da Kika Hana Ni Zuwa

Zuwa ga 'yata Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki a can Fatakwal, bari in tuna miki maganarki: "Dada, kada ki fita yawon ban-gajiya da wannan ƙafar taki. Ni zan rubuta wa kowa godiya da hannuna." A ɗakina kika faɗa, da lallen biki a hannunki. Yau wata bakwai. Lallen ya goge, alkawarin ya bi shi.

Na yarda da ke, na zauna. Ban taka gidan kowa da sunan ban-gajiya ba, ni da aka raine ni a kan cewa wanda ya zo miki biki sai kin bi shi har ƙofarsa. Yanzu in na shiga kasuwa, matan da suka kwana uku suna tuƙa tuwon bikinki daga nesa suke ɗaga min hannu. Ba su yi laifi ba.

Katunan godiyar da muka bugo kin tafi da su a akwatinki. Abin da na gani kawai hotonki ne a waya, ƙarƙashinsa kin rubuta kin gode wa kowa da kowa. Adama, babu wanda aka raɗa wa suna Kowa-da-kowa.

Mama Rifkatu ba ta da waya. Ita ce maƙwabciyarmu ta da a unguwar Sarkin Dawaki, wadda ta goya ki shekara biyu ina aji ina koyar da 'ya'yan wasu. A bayanta kika yi haƙori. Ranar bikinki daga Sunkani ta taso a kan mashin, buhun doya a cinyarta. Ta zauna can baya, ta ƙi cin abinci sai da ta ga an fito da ke. Kin wuce a lulluɓe, ba ki gan ta ba. Ni na ce mata kada ta damu, takardarki na nan tafe.

Ranar Lahadi na je duba ta, tana kwance ba lafiya. Ba ta iya tashi zaune yanzu, zoben hannunta ma sai da aka ɗaure shi da zare. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "Takardar Adama ya zo?" Ba ta iya karatu ba. Ta ce a karanta mata sau ɗaya ya ishe ta, sai ta sa a cikin Littafinta na coci.

Na ce mata tana hanya. Karo na uku ke nan ina yi mata wannan ƙarya, ni da nake sa ki durƙuso a kan ƙaryar sukari.

Autata, ni na riƙe hannunki kika ja baƙi na farko. Na san rubutunki, ƙanana masu kwanciya gefe kamar na mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. Layi uku nake roƙo. Ki rubuta, ki ɗauki hotonsa ki turo, zan kai a bugo.

Na ba ki zuwa Asabar. In bai zo ba, zan ɗauki sandata in fara ban-gajiyar daga Sunkani, gida-gida. Zan rubuta wa Rifkatu tawa godiyar da sunana. In ta tambaye ni ke, ba zan yi ta huɗu ba.

Allah ya ba ta sauƙi, ya sa ki riske ta tana ji. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, ko da ina fushi.

Mahaifiyarki,
Dada