Taƙin Hannunka

Zuwa ga kakana, Baba Tsoho,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakanta, tare da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, ina rubuto maka wannan wasiƙa daga ɗakinka na Gada Biyu, a kan kujerar nan taka mai gurguwar ƙafa. Na san ba za ta iso ka ba. Amma wata bakwai ke nan da magana a bakina, kuma ka san ni, in ba a takarda ba, ba ta fita.

Ga abin da ya hana ni zama. Ranar Asabar Gwaggo Ladi za ta zo ta tafi da Inna, matarka, Kaduna. Sanyin Jos ya kama mata ƙafafu, kuma ban ji wanda ya ambaci ranar dawowarta ba. 'Yar tashar jirgin ƙasa ta katako da ka yi mata alkawari kuwa tana nan a kan teburinka, ba tarago.

Kullum sai na ɗage zanin da aka rufe ta da shi. Allon katakon nan, da dogon da ka yi da wayar keke, da tsinken tsiren da ka jera a ƙarƙashinsa ɗai-ɗai, da ɗan layin gefe inda ake ajiye taragu. Bishiyar mangwaron da ka yi da soso ta ɗan koɗe. Ka ce mini nan ne Bukuru, zamanin ƙaramin layi, wanda aka rufe tun kafin a haifi Babana. Nan ake loda kuza, kai kana saurayi mai haɗa taragu, Inna tana kawo tallan masa gindin mangwaro. Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Sauran ni na ƙarasa a kaina, sau ɗari, kowane da irin kalar zanin da na ɗaura mata.

"Tarago shi ne ƙarshe, Amarya, sai hannuna ya daina rawa." Haka kake cewa duk sanda na dame ka. Hannun bai daina ba.

Bayan sadakar arba'in na tsinci shuɗin littafinka. Ga zanen taragon kuza ta gaba, ta gefe, har da sakatar ƙofa. Ka rubuta cewa ka auna na ƙarshe da ya rage a Bukuru. Tsawo ashirin da biyu. Faɗi bakwai. Tsakanin tayoyi uku da yatsa biyu. A sama ka sa "taƙi", a ƙasa kuma ƙa'idarka: duk inci ashirin da huɗu na gaske, inci ɗaya ne a kan allo. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Mama, na ware hannuna a kai daga babban yatsa zuwa na tsakiya, na ga inci bakwai, na hau lissafi.

Sati uku na yi. Gwangwanin madara na yanka na buge, marfin kwalba na goge ya zama taya, gam ya cinye mini farce biyu. Littafin da nake karantawa na bar shi a tsakiya, jarumar na tsaye a filin jirgi tana kuka, ban ma koma na ga ko saurayin ya biyo ta ba. Ranar da na gama, na ɗora taragon a kan dogonka, sai tayoyin suka zurma tsakanin wayoyin biyu. Ya zauna a kan tsinken tsire kamar ɗan tsako a akurkin da ba nasa ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Daga nan na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na sake lissafin sau shida. Na bi tsofaffin hotuna a waya har idona ya yi ja, amma masu ɗaukar hoton wancan zamani kan jirgi kawai suke so, da Turawa masu malafa a gabansa. Ba wanda ya damu da taragon kuza, sai dai ka hango gefensa a bayan wani. Na je gidan tarihi, na zagaya tsofaffin jiragen sau uku kafin na iya buɗe baki na roƙi mai gadi ya bar ni na auna. Ya bari, har ya riƙe mini bakin tef. Amma ba irin naka a cikinsu.

Sai Rahila, ƙawata ta makaranta, ta ce mu je Bukurun da kanmu. Ka tuna ta, ta Daɗin Kowa, wadda kake cewa ta yi magana ta mutum biyu, tata da tawa. Muka hau mota a Terminus. Baba Tsoho, ciyawa ta cinye layin ajiyar. Wani ya shuka masara a inda nake zaton mangwaron yake. Taragun da suka rage na babban layi ne, sun yi tsatsa, awaki na kwance a ƙarƙashi. Wata mai gasa masara ta ce ƙaramin nan tuni 'yan gwangwan suka yanka shi. Na tsaya da tef a hannu ban san abin da zan auna ba.

Rahila ce ta ja ni gidan kakanta, Baba Pam. Ashe tare kuka yi aiki. Da ya ji sunanka sai ya cire hula. Ya duba littafinka, ya duba taragona, ya dubi hannuna, ya yi ta dariya har da tari. "Kai jikan Sabo, da wannan ɗan hannun ka auna? Sabo ba ya taɓa tef. Hannu nashi kamar faifai!" Ya ce duk ma'aikatan wurin haka kuke, da taƙi da taku, kowa da nasa, kuma kowa ya san na ɗan'uwansa. Ya ware nasa a kan tef ɗina, sannan ya girgiza kai. Ya ce naka ya fi, amma ba zai iya rantsuwa da nawa ya fi ba.

Muka hau mota muka juyo gida. Na gane kuskurena, amma me gane shi ya ƙara mini? Awon duka yana hannunka, hannun kuma mun kai shi maƙabarta. Na bincike ɗakin nan kaf. Safar hannunka ta aiki an bayar sadaka. A duk hotunanka hannuwan suna cikin babbar riga. Na rufe ido na nemi tafin da yake dafa kaina in na ci jarrabawa, na ji nauyinsa, na ji ɗuminsa, amma girmansa ya ƙi zuwa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Wata bakwai kacal, har na fara rasa ka gaɓa-gaɓa?

Jiya bayan la'asar na tarar da Inna tana ninke zannuwanta a akwati. Ka san tsakanina da ita sai gaisuwa da aike. Kuma ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, "Malam" ne kawai, shi ma a hankali. Na durƙusa a bakin gado, kaina a ƙasa, na ce ko ta san girman taƙinka.

Sai ta janye mayafinta, ta miƙo hannun dama. Ta ɗora yatsa a wuyan hannu, ta kai shi gwiwar hannu. "Daga nan zuwa nan. Ba ƙari, ba ragi."

Ba ni take kallo ba sanda take ba ni labarin, akwatin take kallo. Ta ce bayan haihuwarta ta fari ta yi jinya mai tsawo, har an fara fid da rai. Kullum da safe kafin ka fita aiki sai ka zo ka ware hannunka a kan nata, ka ce, "Ba ki ragu ba, sai ki tashi." Ta ce tun daga nan ba ta taɓa kwanciya ciwo ba ka auna ta ba, ko mura ce. Har satin da kai ka kwanta, da hannun na rawa, sai da ka auna.

Na ce ai ta rame yanzu. Ta harare ni. "Ƙashi yana rama ne? Ɗauko tef ɗinki."

Inci tara da rabi. Na yi lissafin a bayan littafinka ina durƙushe a wurin. Tsakanin tayoyi ya ba ni inci ɗaya da kwata. Na ruga na ɗora tef a kan dogonka. Inci ɗaya da kwata, cif.

Baba Tsoho, na karanta littattafan soyayya sun fi ƙarfin akwatina. Na san masu motoci da turare da dogayen kalamai. Shekara goma sha shida ina gida ɗaya da ku, ina ganin kana wucewa ta gabanta ba ko kallo, ina cewa a raina tsofaffin nan ba su san komai ba. Ka yafe mini. Inna ta ja mini kunne kada in kuskura in sa ta a "littattafan nan naki". Ka zama shaida, ban sa ta a littafi ba, a wasiƙarka na sa ta.

Yau da safe na haɗa sababbin tayoyi huɗu a kan gindin taragon. Na ɗora su, na hura da baki, suka gangara har ƙarshen layin ajiya suka tsaya a gindin mangwaro. Jikin kuwa ban ko yanka ba. Saura kwana uku, ga ƙofa, ga sakata, ga fenti, ga makaranta. Na sayo jan fenti, Inna ta leƙo ta ce wa ya gaya mini ja ne, ruwan toka ne, kuma ƙofar tana ɓangaren mangwaro, don ta nan kake leƙowa. Yanzu kujera ta sa aka kawo mata kusa da teburin, wai tana jiran rana ta sauko mata a ƙafa. Ban sani ba ko zan gama. Hannuna ma rawa yake yi, ka ga abin gado ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi fiye da duk abin da hannu zai iya aunawa. Allah Ya ba Inna lafiya a inda za ta, Ya sa ta samu mai kula da ita ko da rabin yadda ka yi. Ni kuma Ya ba ni ikon kai taragon nan gindin mangwaro kafin motar Gwaggo ta tsaya a ƙofar gida. Amin.

Taka har kullum,
jikarka mai ɗan hannu,
Hafsatu