Cukun da Ya Daskare Muna Jiran Alhaji Ilu

Sanyuanli, ƙasar Sin, Agusta 2008

Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, barci ne kawai ba ya zuwa.

Saboda wasannin Olamfik sabunta biza ya yi wuya, abokaina 'yan kasuwa da dama za su koma gida, shi ne na haɗa mana walimar bankwana. Wani ɗan Yamai ya koya min abincin Turawa: a narka cuku da madara da tafarnuwa, kowa ya riƙa tsoma burodi. Ya ja min kunne cewa da zafinsa ake ci.

Na narka shi a tukunyar shinkafa, ya yi kauri kamar kindirmo. Amma wa zai sa hannu kafin babbanmu Alhaji Ilu ya zo ya yi bisimilla? Muka zura wa ƙofa ido, wayarsa a kashe, har cukun ya daskare. An ce ana duba takardu a layinsu, bizarsa kuma ta ƙare.

Kar ki faɗa wa iyalinsa tukuna. Ku sa mu a addu'a. Tukunyar na nan, na kasa wanke ta.

Ƙaninki,
Sharfaddeen