Rago na Biyu

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Zoben Sa'adiya ya ƙi fita. Tun bayan azahar take fama da shi, da sabulu, da man gyaɗa, da zare, har yatsan ya kumbura ya yi jawur. Na azurfa ne, ni na saya mata a Sakkwato shekarar da anka ɗaura mana aure, lokacin ina malamin kimiyya mai gogaggen wando, ina zaton duniya ni take jira. Daga ƙarshe sai da na kira Bilyaminu maƙeri ya yanke shi. Ta miƙo hannu ta bayan labule.

Sai yau na dube ta da kyau. Subhanallahi. Yaushe ta zama haka? Wuya ya cika, damtse ya matse hannun riga, zane da kyar yake zagayowa. Matar da a da iskar hadari ke neman ɗauka. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, shekara ashirin da tara, ban ga lokacin da hakan ta faru ba.

Na ce mata, "Wagga ƙiba taki, ko buhun albasar Kagara ya san inda ake ɗinke mishi baki." Ta ɗauki yankakken zoben ta shige ɗaka. Ban ga laifin maganata ba. Ai gaskiya ce.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwana uku ba ta taɓa tuwo ba. Fura ludayi biyu, shi ke nan. Wai ba ta jin yunwa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yaya Hauwa'u, babbar yayata, ta zo daga Goronyo. Ko ruwa ba ta sha ba ta ja Sa'adiya ɗaka. Sun daɗe. Da ta fito sai ta tsaya bisa kaina ina gyaran rediyo.

"Audu, kai da dukan iliminka ba ka gani? Wata huɗu ba ta ga al'ada ba. Cikin nan da ya kwanta, shi ne ya tashi."

Shekara goma sha ɗaya da sunka wuce Sa'adiya ta yi ɓatan wata uku, sannan jini ya zo. Ni na san ɓari ne. Tsofaffin gidanmu sunka ce a'a, kwanciya cikin ya yi, wata rana zai farka. A lokacin dariya na yi musu.

Na ce, "Yaya, ɗa ba ya barcin shekara goma sha ɗaya cikin uwarsa. Kuma shekararta arba'in da bakwai."

Ta ce, "Kai takarda ka karanta, mu mata munka karanta."

Sa'adiya na bakin ƙofa. Na ji ta ce, "Yaya, ni ban ce ba." Yaya ta ce kunya ce. Ni ma ban bi ta kan maganar ba.

Jahilci. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli a ƙasar nan, anka tsallake ni anka ba yaran da na koyar kujerar hedimasta, ga shi ko cikin gidanmu ban canza tunanin mutum ɗaya ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Ba kwantacce ba, wannan shirme ne. Amma sabo fa? Ni sittin da shida. An taɓa yi. Annabi Zakariya ya fi ni tsufa.

Raihana kaɗai Allah Ya bar mana, ita ma tana Rabah da nata 'ya'yan. Na daɗe da rufe wannan ƙofa. Mi ya sa nake leƙe ta kafarta?

Lahadi, 4 ga Mayu

Kasuwar Goronyo. Rago ɗaya na tahi saye na layya, na dawo da biyu. Na biyun fari ne tas, da baƙin tabo a ido.

Maccido, wanda munka yi ritaya tare, ya tare ni bakin tasha. "Malam Audu, kai da bara sai da anka yi maka gori kafin ka yanka akuya? Biyu?"

Na ce duka na layya ne. Ya dubi farin, ya dube ni, ya ce, "To Allah Shi raya layyar." Ɗan banza.

Asabar, 10 ga Mayu

Na iske ta tana jan ruwa a rijiya, zufa ta jiƙa mata baya. Na karɓi gugar na ce ta zauna. Na ce, "Sannu."

Ta dube ni kamar bango ne ya yi magana.

Da maraice na sayo mata balangu da nono mai kauri. Na zauna har ta cinye. Ta tambaye ni labarin wani ɗalibina da ya zama likita, na ba ta, har ta yi dariya. Na manta tana da wushirya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ta dawo daga Rabah, kwana uku wurin Raihana. Na tambayi mutanen gida, ta ce lafiya lau.

Abin da na lura: zafi na taso mata farat ɗaya, daga ƙirji zuwa fuska, ta yar da mayafi ta hau fifita, can kuma ya sake ta. Ran nan kafin ta tahi gishiri ya zube ta zauna tana kuka. Yaya ta ce haka ɗa namiji ke yi wa uwa.

Ya kamata in ce mu tahi asibiti a gwada. Kowane ɗan aji uku ya san haka. Ban ce ba. Na san dalili, ba zan rubuta shi ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na sa an sauke amalanke guda na itace bayan ɗaki. Na ce saboda damina ne. Ta tsaya tana kallon tulin, ta san itacen wankan jego in ta gan shi.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Sallah. Na yanka jan ragon, farin na nan a turke. Duk wanda ya shigo barka da Sallah sai ya dube shi ya yi murmushi. Matan unguwa na gaishe ta da "ya nauyin jiki". Tun hantsi ta shige ɗaka ta ce kanta ke ciwo.

Na zaɓi suna. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 17 ga Yuni

Bari in rubuta shi yadda ya faru.

Ba ta yi sallar asuba ba, ba ta yi azahar ba. Na tambaya, ta ce jini ne. Na miƙe babu takalmi zan tahi neman mota, ina cewa ta kwanta, kada ta motsa, wannan karon ba za mu rasa shi ba. Ni na faɗi haka. Da bakina.

Ta ce, "Malam, zauna."

Ba ta taɓa ba ni umarni ba. Na zauna.

Ta buɗe akwatinta ta ciro takarda a ninke cikin ɗankwali. Hoton ciki ne da sakamakon gwaji, daga asibiti, kwanan wata 20 ga Mayu. Raihana ce ta kai ta. Na karanta Turancin sau uku, ni da nake taƙama da Turanci. Babu ciki. Babu kwantacce, babu tsayayye. Ba ƙari, ba cuta. Shekarun ɗaukewar al'ada ne sunka kama ta: ta ɓace wata da watanni, ta dawo, ta sake ɓacewa, har ta tahi gaba ɗaya. Zafin nan, kukan nan, ƙibar nan da ta taru a ciki da ƙugu, duk tafiyarsu ɗaya. Nas ta yi mata bayani, ta ce kusan kowace mace sai ta bi ta nan.

Wata guda. Kusan wata guda takardar nan na cikin akwati ina jibge itace.

Na ce, "Mi ya hana ki faɗi? Kin bar ni na zama abin dariya a Wurno."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na faɗi ranar farko, ba wanda ya ji. Da na dawo daga Rabah na yi niyya. Sai ka tare ni a zaure ka karɓi jakata." Sannan ta ce, "Malam, tun da anka hana ka kujerar nan ba ka sake ce mini sannu ba. Shekara goma sha biyar. Na san ba ni kake wa ba, cikin kake wa. Amma kunnena ne ke ji. Na ce bari in ƙara kwana biyu."

Ragon ya yi kuka a turke, na ji kamar in shaƙe shi.

Laraba, 18 ga Yuni

Ban fita ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na tono tsohon littafin da na koyar da shi. Babin jikin mace. Shekara talatin da huɗu in munka iso nan sai in ce wa yara, "Ku karanta a gida," in tsallake zuwa tsirrai. Shafukan ko datti ba su yi ba. Can ƙasa, layi huɗu kacal a kan abin da ke samun matata. Layi huɗu, ni ma ban karanta a gida ba.

Yaya ba ta je makaranta ba, tana da uzuri.

Litinin, 23 ga Yuni

Ta koma fura ludayi biyu. Yau jiri ya ɗebe ta a madafa, Allah Ya sa ta dafa bango ba murhu ba. Bayan randa na tsinci wata kwalba marar suna, ruwa baƙi, irin na masu lasifika a kasuwa, wai maganin teɓa. Saura kaɗan a ciki. Na zubar.

Na kira Raihana. Ta gaishe ni cikin ladabi kamar kullum, sannan ta ce, "Baba, nas ta ce kada Inna ta zauna da yunwa, yunwa ba ta rage shi, sai dai ta kayar da ita. Ta rage tuwon dare da sukari, ta ƙara wake da ganye, ta riƙa tafiya kullum. Yana bayan takardar, ba ka juya ba?" Ban juya ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma Baba, ka yi haƙuri, zancen buhun albasa ya isa haka."

Ashe har Rabah maganar ta kai. Sau ɗaya na faɗe ta. Sau ɗaya.

Juma'a, 27 ga Yuni

Yaya ta zo. Ta ce na'urar asibiti ce ta tsorata shi ya koma ya kwanta, akwai wata mata a Maikujera mai jiƙon tashe shi. Na ce, "Yaya, babu mai sake ba ta wani jiƙo a gidan nan. Babu kowa a cikinta sai ita." Ta ce boko ya gama da ni. Ta tahi ba ta ci abinci ba.

Na ce wa Sa'adiya zancen tafiyar. Ta ce, "In tahi ina? Mace kamata ta riƙa yawo a gari ba biki ba gaisuwar mutuwa, ga jiki haka, ga abin da anka gama faɗi a kaina? Bar ni a ɗaka."

Ba ta yi ƙarya ba. Na san mutanen garinmu.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na kwance farin zan mai da shi Goronyo in rabu da ganinsa. Ta fito ta ce, "In ba ka so, ni ka ba ni. Ba shi ya yi laifi ba." Na mai da shi turke.

Talata, 1 ga Yuli

Rago sai da ciyawa, ciyawa na fadama. Wannan kowa ya sani, ba mai tambaya. Bayan asuba munka fita, ita da igiya, ni da lauje da buhu. Hanya ba lafiya yanzu, ba a barin mace ta tahi ita kaɗai, shi ya sa na bi ta.

Kafin mu kai gonar geron farko ta tsaya sau uku tana haki. Sannun ta zo mini har maƙogwaro ta tsaya. In na faɗa za ta ce ta tausayi ce, ko saura ce daga waccan ta lokacin cikin. Munka dawo gida.

Asabar, 12 ga Yuli

Kwana goma sha biyu, ruwan sama ya hana mu fita sau biyu. Yanzu sau ɗaya take tsayawa. Tuwon dare ya koma rabi, sai kwaɗon zogale da wake. Ni ma shi nake ci, don ba za a ɗora tukunya biyu ba. Zafin na nan yana taso mata. Jikin ma na nan, ban ga ya ragu ba, sai dai ta bar ɗaure fuska in ta wuce madubi.

Maccido ya gan mu. "Malam Audu, rago ɗaya makiyayi biyu?" Kafin in buɗe baki ta ce, "Ɗayan ɗan koyo ne, Malam Maccido." Har yanzu yana ba da labari a majalisa.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ranar Alhamis na kai wa Bilyaminu zoben. Ya ce a haɗe shi yadda yake, in ta rame sai ta sa? Na ce a'a, ya ƙara azurfa. Zaren da ta yi fama da shi ran nan ban yar ba, da shi na kwatanta mishi faɗin. Ba wani abu ba ne, asara ce a bar azurfa a akwati.

Jiya na aje shi bisa faifanta. Yau da safe na gan shi a hannun da ke riƙe da igiya. Wurin haɗin ya fi sauran haske, ana ganewa.

Akwai ɗan tudun nan kafin a gangara fadama. Yau sunka haye shi ba tsayawa, ita da farin. Na ce sannu. Ina jin da ragon nake.

Ita ta amsa.