Inna ba ta kira sunansa ba

Daga admin: Wata uwa ce ta turo mana wannan da murya, ta ce a rubuta a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan gurup. Tsohuwa ce ke gaishe ku, ina aure a ƙasar Bebeji tun ina yarinya, amma asalina wani ƙauye ne tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Don Allah ku ba ni shawara, ni da ake zuwa wurina neman shawara yau ga ni kaina ya kulle.

Ina da jika namiji, shekararsa goma sha ɗaya, ɗan fari ne a wurin 'yata, tun da aka yaye shi yake hannuna kamar yadda aka saba. Sunan yayana marigayi aka sa masa, Lawan, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma ya ce min amarya, har yana cewa zai sake ni idan miyata ba nama. Shekarun nan bayansa ya fara karkacewa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, yanzu ko daga masallaci ya dawo sai ya zauna yana haki. An kai shi Kano an yi hoto, likitoci suka ce ƙashin bayan ne yake lanƙwashewa yana matse masa huhu, sai an yi tiyata an miƙe shi da ƙarfe, kuma jinkiri ba alheri ba ne. Ubansa ya yarda, uwarsa ta yarda, amma suka ce yaro nawa ne, sai abin da na ce. Ni kuwa da na ji za a sa shi barci, sai na ce a'a.

Ba su san dalili ba, ku zan faɗa wa.

Kafin a ba mu mulkin kai, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, Yaya Lawan ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ya karye a cinya. Shi ne ɗan farin Inna, bai fi jikan nan nawa girma ba. Aka kira maɗori, maza huɗu suka danne shi a zaure aka ja ƙafar, ba maganin komai sai tofi. Ina bayan rumbu na toshe kunnuwa amma ina jin ihunsa. Inna kuwa tana tsakar gida tana daka, ba ta ɗaga kai ba, domin a wancan zamanin uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa. "Wancan yaron" take ce masa, ko ta ce "kai". Wadda ta fi iya wannan ita ce 'yar mutunci.

Ɗorin bai yi ba, ƙafar ta karkace ta kumbura, har damina ta wuce yana jan gindi. Ƙarshe Baba ya sa mu a motar gyaɗa zuwa wani asibiti a birni, da shi da Inna da Gwaggo yayar Baba, ni kuma aka tafi da ni saboda goyon ƙanwarmu. Aka ce sai an sake karya ƙashin a gyara. Yaya ya fara kuka yana cewa kar a sake danne shi, sai malamin asibiti ya ce masa wannan karon barci zai yi, ba abin da zai ji. Wallahi har murmushi ya yi, ya ce min, "Kin ji, barci kawai zan yi." Ta ƙofa na hango an kifa masa wani abu kamar ƙaramin rariya a fuska ana ɗiga magani, warinsa ya cika barandar, har yau in na shiga kemis na ji mai kama da shi sai na fito waje.

Aka fito da shi bayan azahar, an ce aiki ya yi kyau, sai dai bai farka ba. Baba ya fita salla. Malamin asibitin yana ɗan marin kumatunsa, ya juyo ya ce, "Wace ce uwarsa? Ta zo ta kira sunansa, muryar uwa suka fi ji." Ɗakin cike da mata masu jinya, ga Gwaggo a tsaye. Na ga bakin Inna ya motsa, ta kalli Gwaggo, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce min, "Ke, kira shi." Na kira Yaya, na kira Lawan, har muryata ta dishe. Kafin la'asar numfashinsa ya tsaya.

Ko hawaye Inna ba ta yi a gaban mutane ba, aka yi ta yabonta a wurin zaman makoki, ana cewa ga mai kunya ga mai haƙuri. Ta yi shekaru masu yawa bayansa, ta ga jikoki, ba ta taɓa ɗauko maganar ba. Sai ranar da za ta cika, ina riƙe da hannunta ina laƙƙana mata shahada, ta yi shahadarta, sannan ta juya wajen ƙofa ta ce, "Lawan. Lawan, tashi mana." Da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaro ya makara. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Na san ajali ne, kar wani malami ya fara min wa'azi a kwament, na girme wa'azin. Likitar da za ta sa jikana barci ma ta zaunar da ni, yarinya mai hankali, ta ce aikinta ke nan ba ta da wani, tana kansa daga farko har ƙarshe, akwai injin da ke nuna bugun zuciya da numfashi, maganin yanzu ba irin na ɗigawa ba ne, in ya farka kuma akwai allurar kashe zafi. Ba ta ɓoye min ba, ta ce babu aikin da ba shi da haɗari, amma barin bayan haka ya fi haɗari. Kaina ya gane, zuciyata ce ta ƙi.

Shekaranjiya muka yi sa-in-sa da 'yata, ta ce ina so in kashe mata yaro da tsoron banza, ni ma na faɗa mata maganganu. Amma abin da ya tsaya min, duk faɗan nan "yaron nan" take ta cewa, ba ta kama sunansa ko sau ɗaya ba. Kuma ni na koya mata, tun tana amarya nake murtuke mata fuska in ta kalle shi da yawa. Ga shi likitar ta ce mutum ɗaya ake bari ya shiga wurinsa lokacin farkawa, da ta tambaye shi wa yake so, ina zaune ina jira ya ce amarya, sai ya sunkuyar da kai ya ce Umma.

Ranar Litinin suke jiran amsata. In na hana, ina kallo numfashinsa yana raguwa a ɗakina. In na yarda, zan zauna a baranda irin waccan, wani Lawan ɗin yana ciki yana barci. Ku faɗa min tsakani da Allah, musamman waɗanda aka taɓa yi wa 'ya'yansu irin wannan aiki, in yarda? In kuma na yarda, ta yaya zan dubi 'yar da na koya wa kunya da bakina, in ce mata ta aje ta a ƙofar ɗakin, ta shiga ta kira ɗanta da sunansa har sai ya amsa?